Casale ko Chedworth: Wanne Daɓen Rumawa Ya Fi?

Malam, ka tambaya tsakanin gidan gonar Rumawa na Casale da ke tsibirin Sisili a Italiya da na Chedworth a Ingila, wanne ya fi kyan daɓe, kuma me ya bambanta su. Daɓen da ake magana shi ne na ƙananan duwatsu masu launi, waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a ƙasan ɗaki har hoto ya fito.

In girma da ƙawa ake nema, Casale ba ya da na biyu. An gina shi a farkon ƙarni na 4, kusa da garin Piazza Armerina na yanzu, kuma daɓensa ya kai murabba'in mita 3,500. Zaftarewar ƙasa ce ta binne shi a ƙarni na 12, wannan laka kuwa ita ta adana launukan har masanin tonon kayan tarihi Gino Vinicio Gentili ya jagoranci tono shi daga 1950. A 1997 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a can shi ne doguwar barandar nan mai kusan mita 60, wadda ake kira Babbar Farauta. A hoton da ke daɓenta ba kashe namun dajin ake yi ba, kama su ake da rai. Ga giwa, ga karkanda, ga mutum ya rungumo jimina yana hawa jirgin ruwa da ita, duk za a kai su Rum a yi kallo. Yawancin dabbobin na nahiyarmu ne, kuma masana da dama na ganin waɗanda suka yi daɓen su ma daga Arewacin Afirka suka zo, don salon aikin irin na yankin Kartaj ne, wato Tunisiya ta yau. Duk lokacin da na ga hoton, tunanin hannayen nan da ba a rubuta sunansu ba nake yi.

Chedworth ƙarami ne idan aka gwada. Wani mai gadin dajin farauta ne ya ci karo da shi a 1864, kuma tun 1924 yana hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi. Mai gidan Casale duniya yake nuna wa baƙinsa. Na Chedworth garinsu ya zana. A ɗakin cin abinci an siffanta hunturu da mutum sanye da alkyabba mai hula, riƙe da zomo da busasshen reshe. Ƙarƙashin ɗakunan kuma akwai hanyoyin da zafin wuta ke bi ya ɗumama daɓen.

To amma ni dai Chedworth ya fi taɓa mini zuciya, ga dalili. Mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya wajen shekarar 410, an kuma daɗe ana ɗauka sana'ar daɓen ta tafi da shi. Sai a 2020 aka sanar cewa gwajin gawayi da ƙashi da aka samu a harsashin wani bango ya nuna an gina shi bayan 424, daɓen ɗakin kuwa sai bayan an gina bangon aka yi shi. Aikin bai kai na dā kyau ba, akwai kurakurai a zanen. Amma akwai wanda ya biya kuɗin, akwai kuma wanda ya durƙusa ya jera duwatsun da abin da ya gada daga maigidansa.