Fybogel: ya dace da kumburin cikin da ke zuwa lokacin ɗaukewar al'ada?

Tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa, mata da yawa kan yi kukan ciki ya cika tim da yamma, bayan gida kuma sai an yi kwana biyu ko uku. Raguwar sinadaran mata na iya rage saurin hanji, ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuma su ƙara ɗaure shi.

Fybogel garin ɓawon irin wani tsiro ne da ake kira ispagula, giram 3.5 a kowace 'yar leda, yawanci da ɗanɗanon lemu. Ba ya murɗa ciki irin na maganin wankin ciki. Ruwa yake tsotsa a cikin hanji ya yi yauƙi kamar kuɓewa, bayan gida ya yi laushi ya fita ba tare da yunƙuri ba. Idan taruwar bayan gida ce ta kumbura cikin, yana aiki sosai. Idan kuwa iska ce daga wake, madara ko lemon kwalba, kuɗinki kawai za ki kashe.

Ki zuba leda ɗaya a ruwan sanyi aƙalla mililita 150, ki dama, ki shanye nan take, domin da ya jima zai daskare. Takardar maganin ta ce leda ɗaya safe da yamma bayan cin abinci. Mun fi ganin a fara da ɗaya a rana na mako guda, saboda babban aibinsa shi ne a kwanakin farko tusa da kumburin kan ƙaru, a nan ne mata da yawa ke watsar da shi. Sai ya yi kwana biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa sosai.

Wurin ruwa ake yin kuskure. Garin da bai samu isasshen ruwa ba yana iya toshe maƙogwaro ko hanji. Kada a sha shi a bushe, kada a sha dab da kwanciya, mai azumi kuma gara ta sha bayan buɗa baki da ta sha da sahur ta koma barci. Mai wahalar haɗiya ta bar shi gaba ɗaya. A ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da sauran magunguna, mai ciwon suga kuma ta fara tambayar likita. Ko ba komai Fybogel ya fi jiƙon kanwa aminci, musamman ga mai hawan jini.

Amma idan kumburin kusan kullum ne har tsawon makonni, ga saurin ƙoshi, rama, jini a bayan gida, ko jini ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, ba maganar kemis ba ce. Ki je asibiti a yi hoton ciki da gwajin jini, domin sankarar ƙwan mahaifa kan fara da wasu daga cikin waɗannan alamu.