Sharhi kan manhajar lissafin tafiyar jirgi: Kaduna zuwa Jidda

Na sauke wannan manhaja ne saboda tambayar da tsofaffinmu ke yi duk lokacin da tafiya ƙasa mai tsarki ta matso: awa nawa za mu yi a sama? Aikinta mai sauƙi ne. Za ka rubuta sunan filin da za ka tashi da wanda za ka sauka, ko haruffa ukun da aka san su da su, KAD na Kaduna, JED na Jidda, nan take ta zana maka layi a taswira ta ba ka nisa da lokaci.

A wajen nisa ba ni da ƙorafi. Ta ba ni kusan kilomita 3,600, layin kuma ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Da na nuna wa Baba taswirar ya daɗe yana kallonta, domin ta wannan hanyar ce kakanninmu suka bi a ƙasa, wasu sai sun shekara da shekaru, suna tsayawa noma a Sudan su tara guzuri. Wannan kaɗai ya sa na ji daɗin sauke ta.

Matsalar tana wajen lokaci. Manhajar tana ɗaukar miƙaƙƙen layi ne ta raba shi da gudun jirgi, wato wajen kilomita 800 zuwa 900 a awa, shi ya sa ta ce ba za mu cika awa biyar ba. Amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye. Namu ya doshi awa bakwai. Ga matashi wannan ba komai ba ne, amma dattijo mai ciwon suga ko ciwon gwiwa, wanda aka tsara masa lokacin magani da abinci bisa awa biyar, ƙarin nan wahala ce ta gaske. Ina ganin wajibi ne masu manhajar su sanya gargaɗi duk inda layinsu ya bi ta ƙasar da ake yaƙi.

Abu na biyu, lokacin sauka da take nunawa agogon Saudiyya ne, wanda ke gaban namu da awa biyu, kuma da ƙananan baƙi ta rubuta hakan. Sai lissafin lokacin ya rikice wa mutanen gida, su yi ta kiran waya hankali a tashe. Haka lissafin sallah yake rikicewa, tunda gabas aka nufa, rana na saurin faɗuwa.

Zaman jira a sansanin alhazai na Mando da layin tantance fasfo a Jidda kuwa ba sa cikin lissafinta, ban kuma ɗora mata laifin wannan ba.

Wanda ke son sanin nisa, ko malamin da zai nuna wa ɗalibai taswira, ya sauke ta, kyauta ce kuma ba ta cin data sosai. Mai rakiyar tsoho kuwa ya duba tikitinsa, ya tambayi jami'in alhazai ta inda jirgin zai bi, sannan ya ajiye magani da ɗan abin taɓawa a jakar hannu.