Buɗe salansa ko sassaƙa silinda: amsa ga ƙanenmu mai gyaran injin yankan itace

Ƙanena, tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce wani mai yankan itace ya kawo maka injinsa yana so ka ƙara masa ƙarfi, ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin ƙaramin aiki na buɗe salansa da daidaita kafireto, da babban aiki na cire gaskit da sassaƙa ƙofofin silinda, wato ramukan da fetur ke shiga da wanda hayaƙi ke fita. Ka kuma ce wani injin da ka gyara ya cije kwana huɗu da barinsa shagonka, mai shi yana ɗora maka laifi, kai kuma kana zargin fetur ɗin da ya zuba. Zan kwatanta maka su gwargwadon abin da hannuna ya taɓa a nan Maradi, domin abin da ya dace da inji a ƙasa mai sanyi ba lalle ne ya dace da shi a nan ba.

Ka fara riƙe cewa wannan inji mai bugu biyu ne, ba shi da tukunyar baƙin mai kamar mota. Man da ke shafe fistin yana shigowa ne a gauraye da fetur, kuma fetur ɗin da kansa yana taimakawa wajen sanyaya ciki. Saboda haka duk aikin da ya ƙara wa inji iska ba tare da an ƙara masa fetur ba, zafi ya ƙara masa, mai kuma ya rage masa. Kamfanoni irin su Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suna barin ɗan rata tsakanin ƙarfin da inji ke bayarwa da iyakar abin da zai iya jurewa. Masu ƙara ƙarfi daga wannan ratar suke ci. Mu kuwa zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da fetur na kwalba da ake saye a bakin hanya ba a san kwanansa nawa a rana ba, sun riga sun cinye wani kaso nata tun kafin mu ɗauki sifana.

Ƙaramin aikin yana farawa ne daga inda mutane ba sa son dubawa, wato sarƙa. Yawancin waɗanda ke zuwa suna cewa inji ya rasa ƙarfi, idan ka sa su yanka gungume a gabanka za ka ga gari ne ke zuba kamar dussa maimakon ɓarɓashi mai faɗi. Wannan dakushewar haƙora ce, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ke yanka ƙirya ko bagaruwa, ko dogon yaro da ɓawonsa ya cika da yashi. Sarƙa mai awon 3/8 ana wasa ta da magagari mai kaurin milimita 5.2 ko 5.5, a karkace digiri 30, sannan a rage ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori har ya yi ƙasa da bakin haƙorin da kamar milimita 0.65. Bayan haka sai a wanke matatar iska, a kakkaɓe dattin da ya toshe tsakanin fikafikan silinda, a ƙanƙare baƙin toka da ya taru a salansa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, mai inji ya tafi yana cewa an canja masa inji.

Idan har yanzu ana son ƙari, sai a ɗan faɗaɗa mafitar hayaƙi ta salansa. Inji yana samun numfashi, yana kuma rage riƙe zafi a bakin silinda, amma da sharaɗi guda wanda ba a tsallake shi: dole a koma kan kafireto a sassauta sukurun da aka rubuta wa H domin fetur ya ƙaru. Kunne ne ke faɗa maka ka isa. Idan ka matsa inji har ƙarshe babu itace, ya kamata ka ji yana ɗan gurnani kamar mai kakari, da zarar sarƙa ta shiga itace kuma muryar ta washe. Idan ya yi ta tsala ihu siriri tun a iska, fetur ya yi masa kaɗan, kuma kwanansa sun kusa ƙarewa. Wanda ke da agogon auna gudu ya fi samun natsuwa, domin manyan injunan zamani masu sisi (wato cc, awon girman silinda) 70 zuwa 72 iyakarsu tana tsakanin juyi 12,500 da 13,500 a minti, alhali tsohon Stihl 070 mai sisi kusan 106 an yi shi ne don ja a hankali, ba ya zuwa ko kusa da wannan. Illar ƙaramin aikin ita ce ƙara da shan mai, sannan idan ka cire ragar da ke tare tartsatsi ka jefa mutum cikin haɗarin tada gobara a rani kusa da kara da rumbuna. Ni ba na cire ta. Alherinsa kuwa shi ne idan ka yi kuskure wajen faɗaɗa mafitar, salansa ce kawai za a saya.

Babban aikin wani abu ne dabam, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana ba da ƙarfi na gaske idan gwani ya yi shi. Cire gaskit ɗin da ke ƙarƙashin silinda yana sauko da ita kusa da fistin, matsi ya ƙaru. Amma kafin a yi haka sai an auna tazarar da ke tsakanin kan fistin da rufin silinda: a zura wayar dalma ta ramin buji, wato fulogi, har ta taɓa bango, a juya inji da hannu ta matse, a zaro a auna kaurinta. Idan bayan cire gaskit tazarar za ta gaza rabin milimita, fistin zai iya dukan rufi idan inji ya yi zafi yana gudu. Kuma matsi mai yawa yana son fetur mai kyau, idan ya haɗu da gurɓatacce sai wuta ta riƙa tashi ba a kan lokaci ba, tana cin gefen kan fistin.

Sassaƙa ƙofofi ya fi wannan haɗari, domin ƙarfen da ka cire ba ya dawowa. Cikin silinda alminiyam ne da aka yi wa shafe siriri mai tauri, kuma a kan wannan shafen zoben fistin ke gudu. Idan ka faɗaɗa ƙofar hayaƙi ta wuce kamar kashi biyu cikin uku na faɗin silinda, zobe zai riƙa leƙawa cikinta duk wucewa. Idan ka ɗaga rufin ƙofar, gudu zai ƙaru amma ja zai ragu, wato daidai abin da mai yanka katon gungume ba ya so. Idan kuma ka bar bakin da kaifi ba ka goge shi ya kwanta ba, zai kama zobe ya karya. A kan injunan Sin masu sisi 52 da 58 da suka cika kasuwa, da jabun Stihl 070 da 381, shafen cikin silinda yakan zo siriri ƙwarai, ya fara ɓarewa daga inda ka taɓa, ƙwallayen karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, kuma ba su da juriyar ƙarin nauyi.

To ga yadda nake auna su. Ƙaramin aiki ribarsa matsakaiciya ce, asararsa ƙarama, ana iya mayar da inji yadda yake. Babban aiki ribarsa ta fi, amma asararsa silinda da fistin ce, wani lokaci har da karanshaf, kuma inji yana fita hannunka ya tafi wajen wanda zai gauraya mai da ido a daji. Mutumin da injin nan ne abincin gidansa ba gudun tsere yake nema ba, so yake ya yanka daga safe zuwa azahar inji bai tsaya ba. Shi ya sa a kan kayan mutane nake tsayawa ga ƙaramin. Babban aikin ka koye shi a kan mataccen silinda da injinka na kanka, kuma idan wani ya dage, ka gaya masa haɗarin a gaban shaida kafin ka taɓa.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Wani mai sayar da itace ya kawo mini inji mai sisi 72, na faɗaɗa masa ƙofar hayaƙi, na yi gaggawa ban kwantar da bakinta na sama sosai ba. Ba a yi mako ba ya dawo da shi a buhu, igiya ba ta jawuwa. Zuciyata ta fara raya mini in ce fetur ne, domin na san ba zai iya musa mini ba. Na kwance silinda yana tsugune kusa da ni, sai ga zobe ya karye gida biyu, ga zane mai zurfi ya taso daidai daga bakin ƙofar da na sassaƙa. Na nuna masa da yatsa na ce aikina ne. Na sayi silinda da fistin daga aljihuna, na ba shi aron injina har na gama, domin yana da alkawarin kai itace. Asarar ta yi mini nauyi a wannan watan, kuma har yau shi ne ke kawo mini injunan abokan sana'arsa.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Hanya ɗaya ita ce ka buɗe inji kai kaɗai, ka gyara a ɓoye ko ka ɗora wa fetur laifi. Tana kare ka yau, amma mai inji zai kai shi wani gareji, kuma duk wanda ya san aiki zai karanta gaskiya a jikin fistin, labari ya zaga gari. Ɗaya hanyar ita ce ka kira shi ku buɗe tare. Malamanmu na Malikiyya ma sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa ya keɓe da su, sai fa idan hujja ta nuna ba daga gare shi ɓarnar ta zo ba. Hujjar nan kuwa tana cikin injin.

Idan zane da narkakken alminiyam suna ɓangaren salansa, buji kuma ya yi fari fat, fetur ne ya yi ƙaranci, ko dai daga sukurun H, ko daga iska da ke satar shiga ta robar wuyan kafireto ko ta robobin gefen karanshaf. Idan ka taɓa waɗannan wurare, ka fara tuhumar kanka. Idan fistin ya goge ya yi sumul ta ɓangaren kafireto, ƙura ce ta shige ta yagaggiyar matata, wannan kuwa ba aikin kwana huɗu ba ne. Idan zanen ya kewaye fistin ko'ina kuma ciki ya bushe ƙayau, an zuba fetur babu mai. Ana gane wannan cikin sauƙi: ka ɗiga abin da ya rage a tanki kan farar takarda, tsuran fetur zai bushe bai bar komai ba, gaurayayye kuwa zai bar tabon maiƙo. Ka kuma tambaye shi da wane mai yake gaurayawa, domin da yawa suna zuba baƙin man mota. Awon da Stihl da Husqvarna suka bayar da man bugu biyu mai kyau shi ne 50 da 1, wato mililita 100 a lita 5, injunan Sin da yawa kuma 25 da 1 suke nema, mililita 200 a lita 5.

Wani lokaci laifin yakan rabu biyu, kai ka ɗan matse sukuru, shi kuma mansa ba na kirki ba ne. A nan abin da na ga yana kashe rigima shi ne ya sayi kaya kai ka yafe kuɗin hannu, ko ku raba kuɗin kayan, a gaban dattijo ɗaya da ku biyun kuka yarda da shi. Daga yanzu kuma kada ka karɓi inji sai ka cire salansa mai shi yana tsaye, kun leƙa fistin tare ta ƙofar hayaƙi, ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta a littafi abin da ka gani da abin da aka ce ka yi. Shi wannan da ya cije, kada ka kwance ko noti ɗaya, kada ka zubar da man da ke tankinsa, sai mai shi ya zo.