Kafin ka sayi kit ɗin ciro DNA ko RNA a Zariya

Duk kit ɗin (kwalin sinadarai da kayan aiki) da ke da ƙaramin bututu mai matatar silika aikinsa ɗaya ne: gishirin guwanidin da itanol su sa DNA ko RNA ta maƙale a matatar, a wanke datti, sannan a sauko da ita da ruwa. Bambancin yana wajen fasa ƙwayar halitta, don haka samfurinka ne zai zaɓa maka kit.

Mai aikin jinin mutum a Shika, QIAamp DNA Blood Mini na ɗaukar maikurolita 200, a ɗebi jinin a kwalba mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ba mai hefarin ba, domin hefarin na hana PCR, wato aikin ninka DNA, tashi. Mai aikin jini da kuma tsokar dabba, DNeasy Blood & Tissue ya fi masa, amma kada tsokar ta wuce miligiram 25, in ba haka ba matatar ta toshe. Jinin kaji kuwa maikurolita 5 zuwa 10 ya wadatar, saboda jajayen ƙwayoyinsa na da cibiya mai ɗauke da DNA. Masu ganyen dawa da wake a Samaru su nemi kit na tsirrai, na jini ba ya raba DNA da sinadaran ganye.

RNA ce mai wuyar sha'ani. RNeasy Mini na buƙatar a zuba maikurolita 10 na bita-makaftoyitanol a kowace mililita ta RLT, ruwan fasa ƙwayar halitta na kit ɗin, kuma bita-makaftoyitanol ɗin ba ya zuwa a cikin kwalin. Ga shi kit ɗin ba ya riƙe RNA da tsawonta ya gaza niyukiliyotaid (tubalan ginin RNA) 200. In samfurin daga ƙauye zai taho ba ƙanƙara, sa kuɗin DNA/RNA Shield na Zymo Research, ruwan adana samfur, a lissafi, ya fi dogaro da firizar da wuta ke ɗauke mata.

Duba santirifuj ɗinku, injin juya samfur da gudu, tun kafin biya. Busar da matatar DNeasy na son ƙarfin juyi g 20,000 na minti 3. Injin da bai kai ba yakan bar itanol, PCR ta ƙi. Itanol ɗin ma kai za ka saya, mai kashi 96 zuwa 100, ban da sifirit na kemis.

Kwalin samfur 250 ya fi araha a kan kowane samfur, amma ɗalibi mai samfur 40 ya tsaya a na 50. An ce a ajiye kit ɗin a digiri 15 zuwa 25, zafin Afrilu a nan kuwa ya wuce haka nesa. Tambayi dila ranar lalacewarsa da inda ya ajiye shi. Kuma kada ruwan da ya fito daga bututun ya haɗu da bilic, iska mai guba yake fitarwa.