Naira 95,000 na biya, gilashin walda aka aiko mini

Duk mai riƙe kyamara a Kano da Jigawa ya tsaya ya karanta wannan. Naira 95,000. Dubu casa'in da biyar, kuɗin masarar da na noma na sayar da hannuna, wani ya karɓe da sunan zai sayar mini da kayan kyamara, ya yi mini sakiyar da ba ruwa. Kwana goma sha ɗaya ina ɓoye maganar saboda kunya, ko Yayana ban gaya wa ba. Yau dai na gaji.

Masu shirin cewa ni na yi sakaci, ku dakata tukuna. Ni ba baƙon kyamara ba ne. Shekara shida ina ɗaukar biki da suna a Tudun Wada da ƙauyukan Doguwa da Canon 600D ɗina. Abin da ya daɗe yana cikin raina shi ne irin hoton nan da ruwa ke fitowa sumul kamar an kwarara madara a kan dutse. Na kuma san yadda ake yi: ka kafa kyamara a kan ƙafa, wato abin tsayar da ita mai ƙafa uku, ka sauke ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 100, ka bar shota, ƙofar da haske ke shiga, a buɗe na daƙiƙoƙi, duwatsu su tsaya cak, ruwa ya narke. Amma da rana haske ya yi yawa, ko ka matse ramin lens zuwa f/22 hoton fari fat zai fito. Shi ya sa ake ɗaura baƙin gilashi, wato filta, a bakin lens, ND1000, mai rage haske kusan ninki dubu, hoton da zai ci 1/60 na daƙiƙa ya koma wajen daƙiƙa 15. Shi nake nema, da ƙafa mai nauyi, da rimot na danna kyamara daga nesa don hoton dare, tunda in za ka wuce daƙiƙa 30 ba ka son yatsanka ya taɓa kyamara.

A Facebook na ga tallar mai kayan, muka koma WhatsApp. Ga inda ya kama ni, kuma har yanzu in na kwanta wajen nake ta juyawa. Ya ce, "Malam, lens ɗinka 18-55 ne? To 58mm za ka ɗauka, duba cikin murfin lens ɗin za ka gani a rubuce." Na cire murfi na duba faɗin bakin lens ɗin. 58mm. Wallahi a nan zuciyata ta kwanta. Ya ƙara da cewa in saita fokos kafin in ɗaura filta, domin in na ɗaura kyamara ba za ta ga komai ba, in kuma toshe ramin leƙawa na baya kada haske ya shiga ta can. Duk gaskiya ne! Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ya san 58mm? Ko ku ne ai za ku yarda.

Na je har Zainabi, inda ruwa ke zubowa daga dutse, can wajen Riruwai, ni da ƙanena a kan babur, hanya duk duwatsu. A'a, na yi tsallake. Kafin nan akwai maganar kuɗi. 60,000 na fara turawa. Sunan asusun ba nasa ba ne, na gani, na kuma tambaya, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce na ƙaninsa ne mai tsaron shago. Washegari, ko bayan kwana biyu ne, ya turo bidiyon kwali a tasha da sunana a jiki, ya ce, "Malam, cika mini direba zai tashi." Na cika 35,000. Jimla 95,000. Har cewa ya yi in ba shi minti goma zai yi sallar la'asar. La'asar!

Kwali ya iso. Rimot babu, wai an manta, zai biyo baya. Ƙafar kuwa irin ta ɗora waya ce, siririya kamar karan dawa. Raina ya ɓaci amma na ce ai filta ne babba, ga shi cikin akwatinsa mai kyau, baƙi wuluk, ya kuma hau bakin lens daram.

To sai Zainabi. Ruwa na zubowa daga saman dutse, ƙarar ta cika wurin, ƙanena ya danne ƙafar da hannu biyu saboda rawa take yi. Na ba hoton daƙiƙa 15. Na duba: kore shar. Ruwa kore, dutse kore, sama kore, sai ka ce an tsoma hoton a miyar kuka. Na canza saitin launi, na sake, na sake, hoto sama da talatin, duk kore, kuma dishi-dishi. Ana cikin haka ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ba don yaron ya cafke igiyar wuya ba da kyamarar abincina ta tafi cikin ruwa.

Na kira mai kayan a daren. Ya ce saitina ne ba daidai ba. Ni! Har na yarda na kwana ina zargin kaina. Sai da na tsaya gyaran babur a wajen wani mai walda, na fito da filtan ina hasko shi a rana, ya karɓa ya juya, ya tuntsire da dariya. "Malam, ai wannan na fuskarmu ne." Ya ɗauko abin kare idonsa ya jera mini su. Iri ɗaya. An yanka shi zagaye ne aka manne da gam a cikin zobe, ga ma busasshen gam ɗin a gefe, ni da idona ban lura ba. Na tura wa mai kayan hoton gilasan biyu, ya karanta, ya yi bulokin ɗina. Layinsa tun ranar a kashe.

Allah ya isa, ban yafe ba. Ba ma kuɗin kaɗai ba. Damina ta wuce, ruwan Zainabi na ja baya, hazo na tafe, taurarin da na ci burin ɗauka a bakin madatsar Tiga sai kuma baɗi. 95,000, saboda mutum ya ce mini 58mm.

Kada ku tura kuɗi sai kaya na hannunku. Filta kuwa ku ɗaga shi a rana, in kun ga kore ku ajiye.

Hotunan hirarmu, rasit biyu, bidiyon kwalin da koren hoton duk ina da su, zan ɗora da daddare in sabis ya dawo. Mai waldar ya ce in ba na son gilashin in bar masa, nasa ya tsage.