Wane jirgin ruwa ya dace da zagayen tsibiran Zanzibar?

Wanda ya yi niyyar zagaya tsibiran Zanzibar ta ruwa zai tarar da jirage iri uku a gabansa: manyan jiragen fasinja masu gudu, da kwalekwale masu inji da ake ɗauka shata, da kuma jiragen katako na gargajiya da iska ke turawa, waɗanda ake kira jahazi. A ganina bai kamata farashi ya zama abin dubawa na farko ba. Faɗin ruwan da za a ƙetare, da irin iskar da ke kaɗawa a watan tafiyar, su ne za su zaɓa wa mutum jirgi.

Daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Stone Town da ke Unguja, babban tsibirin Zanzibar, babu wata doguwar shawara, domin jiragen kamfanin Azam Marine suna yin wannan tafiya cikin kusan awa biyu. A yanki tikiti a ofishinsu ko a shafinsu na intanet maimakon hannun 'yan kamasho na bakin tasha, kuma a riƙe fasfo a kusa, domin ana duba shi a wurin sauka duk da cewa ba a bar Tanzaniya ba.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne hanyar Pemba, tsibirin kanumfari da ke arewa. Ruwan da ke tsakaninsa da Unguja yana da zurfi da igiya mai ƙarfi, kuma a nan ne jirgin Spice Islander I ya nutse a watan Satumba na 2011 sakamakon lodi fiye da kima, ɗaruruwan mutane suka rasu. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ƙetare wannan ruwa a ƙaramin jirgi, komai arhar da aka yi masa. Ko dai a bi babban jirgin fasinja zuwa tashar Mkoani, ko kuma, idan akwai tsofaffi da yara ko wanda teku ke sa wa jiri da amai, a hau ƙaramin jirgin sama zuwa Chake Chake. Guje wa ƙaramin jirgin ruwa ya fi zama dole a lokacin iskar kusi, wadda ke tasowa daga kudu maso gabas kuma ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta. Iskar kaskazi ta Disamba zuwa Fabrairu ta fi ta sauƙi, ruwan sama mai yawa kuwa daga Maris zuwa Mayu yake sauka.

Kwalekwalen shata ya fi dacewa da tsibiran kusa. Changuu, inda manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles suke, bai wuce tafiyar rabin awa daga Stone Town ba. Tudun yashin Nakupenda yana nutsewa idan teku ya ciko, don haka matuƙi ne zai tsayar da lokacin tashi gwargwadon janyewar ruwa. Chumbe wurin kare murjani ne da ake ƙayyade yawan masu shiga, sai an kama gurbi tun da wuri, Mnemba kuwa ba a sauka a kansa sai baƙin masaukin da ke ciki, ana dai iyo a kewayensa. Shiga cikin ayari ya fi arha, amma iyali da ke son tsayawa salla a kan lokaci, ko matan da ba sa son cuɗanya, za su fi samun sakewa idan suka ɗauki kwalekwalen gaba ɗaya.

Jahazi kuwa, wanda har yanzu ake sassaƙa irinsa a Nungwi, na shaƙatawar yamma ne kusa da gaɓa, domin idan iska ta kwanta kuma ba shi da inji, sai dai a zauna a jira ta.

Kafin a biya kuɗin shata, a ga rigunan kariya daga nutsewa da ido, a ƙirga su daidai da yawan fasinjoji har da na yara, a tambaya ko farashin ya haɗa da kuɗin shiga tsibirin, sannan a daidaita da matuƙi cewa sauran kuɗinsa sai an dawo gaɓa.