Faifan ajiya ya ƙi juyawa: mai shiru da mai ƙara

Wani ɗan'uwa a Jidda ya tambaya: tsohuwar kwamfutar tebur ta gida tana kunnuwa, fanka na juyawa, amma faifan ajiya (hard disk) ya ƙi tashi. Ya sayi wani allon lantarki ne ya sauya na ƙasan faifan, ko ya kai wa masu ciro bayanai? Malam, kafin ka kashe ko riyal ɗaya, cire murfin kwamfutar, ka kunna, ka ɗora yatsa a kan faifan ka kasa kunne.

Idan shiru ne, ko ɗan motsi babu, galibi matsalar wuta ce ko allo, kuma wannan ita ce mai sauƙi. Babban faifai mai inci 3.5 yana shan 12V don motarsa da 5V don allonsa, lokacin tashi kuma yakan ja wajen amfiya 2. Ɗauko mitar auna wuta ka auna filogin Molex, wato mai ramuka huɗu da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfutar: wayar ɗorawa da baƙa su ba ka tsakanin 11.4 da 12.6, ja da baƙa kuma 4.75 zuwa 5.25. Tsohon akwatin wuta da zafin ƙasar nan ya kumbura wa kafasito zai iya juya fanka amma ya gaza ɗaga faifai. Duba ɗan jan makunnin da ke bayansa ma, mai 115 da 230, ka ga ko ya dace da wutar soket ɗinka, tunda tsofaffin gidajen Jidda da Makka har yanzu akwai masu soket na 127 gefe da na 220. In wutar lafiya lau take, sai a koma kan allon. Akwai ƙananan dayod biyu kusa da bakin filogi waɗanda ke ƙonewa don su kare sauran, wani lokaci har su hana kwamfutar kunnuwa gaba ɗaya. Allo iri ɗaya daga wani faifan ba lallai ya yi aiki ba sai an ɗauke ƙaramin aisi (IC) mai ƙafa 8 na tsohon an manna a kansa, don a ciki saitin wannan faifan yake. Mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa zai iya.

Idan kuwa kana jin siririn ƙara yana maimaituwa, kamar motar na yunƙuri tana kasawa, wuta na isa. Ko dai alluran karatu sun manne a kan farantin, ko sandar motar ta cije. A nan sauya allo asarar kuɗi ce, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya karce farantin. Kashe shi. Kada ka buga shi, kada ka sa a firiza kamar yadda wasu ke ba da shawara. Da laimar Jidda, kana fito da shi raɓa za ta kwanta a ciki. Buɗe shi a ɗaki ma haka, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi.

Mai ƙara, in hotuna da takardun ciki suna da daraja a wurinka, na masu ciro bayanai ne da ke da ɗaki marar ƙura, kuma ka ji farashi tukuna. In ba su da, sa SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faranti mai juyawa, mai siririyar wayar SATA, muddin kwamfutar ba mai faffaɗar wayar IDE ba ce.